Ƙofar Ɗakin Sanyi

Gab da magariba, bayan an tashi daga aiki, Yaya ta koma ma'ajiyar kifi don ta duba ƙofar ɗakin sanyi. Ita ce wakiliyar ƙungiyar ma'aikata a wurin. Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

A ɗakin nan aka tsinci gawar Gajere mai ɗaukar kaya watan da ya wuce, a durƙushe a bayan ƙofa, faratansa duk sun kakkarye. Mariƙin ƙofar na ciki ya daɗe da lalacewa, in ƙofar ta rufe da kai sai an buɗe maka daga waje. Yaya ta yi maganar gyaransa har muryarta ta dushe tun kafin abin ya faru. Da ya faru, manaja ya ce aljanu ne suka kulle shi. Ya kawo mai turare ya zagaye ɗakin, manajan ya kuma rantse an gyara mariƙin. Washegari za a yi taron tunawa da Gajere, ita kuwa tana so ta gani da idonta kafin ta buɗe baki a gaban matarsa.

Ta tokare ƙofar da kwali, ta shiga. Ƙarnin kifi ya daki hancinta, gauraye da sauran ƙamshin turare. Injin sanyi na ta gurnani. Ta kama mariƙin ta murɗa, ya yi ta juyawa a hannunta, bai kama komai ba.

Kwalin ya zame a kan ƙanƙara. Ƙofar ta rufe, fitila ta ɗauke.

Ta buga, ta kira mai gadi. Injin ya haɗiye muryarta. Wayarta na can ofis cikin jaka. Ta ci gaba da bugu har yatsunta suka daina jin zafi.

Sai ta ji numfashi a bayanta. Mai ɗumi. Daga can sama da kanta yake saukowa.

Ta kama addu'a, haƙoranta na karo.

"Ba mu ba ne," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, dab da kunnenta. "Mun taya Gajere bugawa har ya yi shiru. Ba wanda ya zo."

Wani abu ya miƙo ta saman kafaɗarta.

Aka daki ƙofar.

Ba hannu ɗaya ba, ba biyu ba. Ƙarfen ya riƙa lotsawa, ƙanƙara na zubo mata a ka.

Mai gadi ne ya buɗe. Ya same ta kwance ita kaɗai. Ya ce tun daga bakin titi ya jiyo dukan, kamar mota na karo da bango. Ranar da Gajere ya rasu kuwa ba kowa a wurin, shi mai gadin an aike shi wanke mota gidan manaja.

A asibiti aka yanke mata yatsu biyu. Manaja ya ce laifinta ne, ta shiga ba da izini ba. Washegari a cikin ma'aikata ba wanda ya taɓa kwalin kifi ko ɗaya, kuma ƙungiya ta ce haka za a zauna sai an gyara ƙofar a gaban kowa.

Aka kira makaniki. Ya ɗaura sabon mariƙi kafin shayin da aka ba shi ya huce.

Matar Gajere na tsaye da goyo a bayanta, tana kallo har ya tattara kayansa.

"Malam," ta ce, "dama shi ke nan gyaran?"