Jan Zare na Biyar

"Delfina! Wa ya ɗora tukunyar gas a kan jakar zarena?"

Muryar Doña Nélida ce ta cika gidan tun rana ba ta gama fitowa ba. Biyu ga Janairu, zafi ya kankama a garin Bahía Blanca, kuma kamar kowace shekara gidan mijinta, Don Osvaldo, ya hargitse da shirin tafiya bakin tafki. Tantuna, katifu, ragar gashin nama, duk ana cusa su cikin tsohuwar motar da ta girmi Delfina da shekara uku.

"Faku ne, Mamá!" Delfina ta ce, tana hararar yayanta.

"To zare ƙwai ne da zai fashe?" in ji Facundo, wato Faku.

"Kanka ne zai fashe in ka sake taɓa min jaka!"

Duk unguwar an san Doña Nélida da saƙa. Shekara ashirin da bakwai ke nan, ranar da suka bar gida take ɗora zare a tsinke, ranar da suka dawo take yanke shi, ta miƙa wa wani nata sabuwar rigar sanyi. Kowace safiya takan ɗaura ɗan guntun jan zare a gefen saƙar, don ta san inda aikin ranar ya fara. Kuma duk wanda ya shiga danginta sai ta auna kafaɗarsa da tafin hannunta. Wanda ba ta auna ba baƙo ne, ko da ya shekara yana cin abinci a gidan. Rigar bana ta mijinta ce. Shi baƙar shuɗiya yake so, ita kuwa ta sayo farin ulu, ta ce shi ake yayi.

Ana cikin haka Lisandro ya yi sallama da 'yar jakarsa a kafaɗa. Saurayin Delfina ne. Shekara biyu suna soyayya, ya kawo maganar aure, Don Osvaldo ya ce masa, "Biyo mu bana. Kwana goma sha huɗu a tanti sun isa a san mutum. In mun dawo ka ji amsata."

"Barka da asuba, Doña Nélida," Lisandro ya ce, ya cire hularsa.

Ta amsa da ka kawai. Ita dai yaron bai kwanta mata ba. Mai facin taya ne, jikan masu askin tumaki daga can kudu, ga baƙin mai a farce, ga shiru. "Mutumin da ba ya magana," takan ce wa 'yarta, "ba ki san abin da ya haɗiye ba."

Yini guda suka yi suna keta fili, ba tudu ba inuwa. Doña Nélida na gaba, tsinkunanta na ta ƙas-ƙas. Sau biyu Don Osvaldo ya ce ta karanta masa allon hanya, sau biyu ta ce, "Hannuna a cike yake, tambayi Delfina." Lisandro na baya a matse tsakanin Faku da buhun gawayi, idonsa a kan yatsun matar. Delfina ta zungure shi, ta raɗa masa, "Daina kallonta, za ta ce maita ce."

A rana ta huɗu, a zangonsu na bakin tafkin Aluminé, aka zauna shan mate, shayin ganyen da suke zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya. Doña Nélida ke zuba ruwa. Ta ba mijinta ƙoƙon, ta ba Faku, ta ba Delfina, sai ta tsallake Lisandro ta koma kan mijinta. Kowa ya gani. A wajensu gara ka zagi mutum da ka tsallake shi da ƙoƙon mate.

"Mamá — kin manta Lisandro."

"Ban manta kowa ba."

Ta ɗaga fulas za ta sake zubawa, ruwan zafi ya sauka gefen ƙoƙon, ya tsiyaya mata a ƙafa. Ta ja tsaki, ta ce bakin fulas ɗin ya karkace.

Don Osvaldo ya so ya sassauta zaman da wasa. "Tsohuwa, yaushe za ki auna kafaɗar yaron nan ne?"

"Ba na saƙa wa ɗan hanya," ta ce. "Uluna ya fi ƙarfin mai faci."

Faku ya tuntsire da dariya. Delfina ta tashi da hawaye ta nufi bakin ruwa, kunya da baƙin ciki sun cika ta. Lisandro kuwa ya ɗauki gatari ya tafi faskare, kamar ba da shi ake ba.

Washegari da sassafe ihun Faku ya tashe su.

"Papá! Mamá! Ku fito ku gani! Rana dubu ta ɓarawo!"

Delfina ta fito a guje ba takalmi. Ga Lisandro zaune a bayan mota, rigar Don Osvaldo a cinyarsa, tsinke ɗaya a zare, farin ulu a warware ya taru a ƙafarsa kamar taliya. Layi shida cur, aikin yinin jiya.

"Don an hana ka mate shi ne ka rama a kan saƙar tsohuwa?" Faku ya finciki rigar. "Kai, amma ka cika ƙaramin mutum!"

Don Osvaldo mutum ne mai sanyi, amma ranar ya ɗaure fuska. "Lisandro, kai ka warware wannan?"

"Ni ne, Don Osvaldo."

"Saboda me?"

Lisandro ya ɗaga kai ya dubi Doña Nélida. Tana tsaye a bakin tanti, ta ƙura wa ƙasa ido, ba ta ce uffan ba, ita da ba a raba ta da magana. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ku yi haƙuri."

Delfina ta riƙo hannunsa tana kuka. "Lisandro, don Allah ka yi magana! Ka ce wani abu — ko ƙarya ce ka yi min!"

"Amsar ba tawa ba ce, Delfi."

"To ta wa ce?"

Don Osvaldo ya nuna wa Lisandro hanya. "Akwai bas a cikin gari. Ba sai mun koma gida ba, ka riga ka ji amsata."

Haka ya saɓa jakarsa ya bi titin tsakuwa da ƙafa. Delfina ta tsaya tana kallon bayansa har itatuwa suka rufe shi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ita kanta ba ta san ko ta yarda da shi ba.

Kwana uku zangon ya zama gidan makoki. Naman ya ƙi daɗi, Faku ya yi ta barkwanci ba mai tayawa. Doña Nélida ta ɗaura jan zarenta na biyar, na shida, na bakwai, tana saƙa ba ta kallon kowa. A rana ta takwas Don Osvaldo ya ɗaga rigar sama zai gwada a ƙirjinsa, sai ga hasken rana na leƙowa ta ramuka, nan ɗaya, can biyu, kitson gaban kuma ya karkace ya nufi hammata.

"Ɓarnar mutumin nan ce har yanzu," in ji Faku.

Delfina ta karɓi rigar. A hannun uwarta ta koyi saƙa, ta san yadda ake karanta ta. Ta bi jajayen zaren da yatsa. Daga na ɗaya zuwa na huɗu, sumul, ko ƙulli ɗaya bai zame ba. Ramukan duka daga na biyar suka fara, ranar da Lisandro ya tafi. Allon hanya ya faɗo mata, da ruwan da ya zuba gefen ƙoƙo, da farin ulun da ba wanda ya ce yana so, sai dai ya fi sauƙin gani.

Ta sami uwarta a bakin tafki tana wanke kwanuka. Ta tsuguna kusa da ita.

"Mamá, agwagi nawa ne a kan dutsen can?"

Doña Nélida ta ɗaga kai, ta ƙanƙance ido. "Uku."

"Babu ko ɗaya, Mamá."

Kwanon ya suɓuce ya faɗa ruwa. Matar da Delfina ba ta taɓa ganin hawayenta ba ta rufe fuska ta fashe da kuka.

"Tun lokacin sanyi ya fara, 'yata. Kamar hayaƙi. Haka ya fara wa uwata, ta ƙare a kujera ana ba ta abinci a baki. In na daina saƙa, ni wace ce a gidan nan?"

"Shi ne kika ɓoye mana? Lisandro fa — gyara miki yake yi?"

"Kowace asuba. Tun safiya ta biyu na gane. Ido ya tafi, amma yatsuna sun san saƙar da ba tawa ba, ya fi ni jan zare. Ranar nan kuskuren ya yi nisa, dole sai an warware layi shida kafin a kai gare shi."

Delfina ta miƙe tsaye. "Kin sani! Kin sani kika tsallake shi da mate! Kin sani kika tsaya ana korarsa kamar kare!"

"Haushinsa nake ji, don shi kaɗai ya gan ni. Da ya dube ni ranar nan, kalma ɗaya ce za ta wanke shi, ya haɗiye ta saboda ni. Ni kuma tsoro ya ɗaure min baki."

"To ni ba zan faɗa wa Papá ba," Delfina ta ce tana share hawaye. "Shi ma bai faɗa ba. Amsar taki ce."

Doña Nélida ta tashi, ta kama hannun 'yarta, karon farko da ta yarda a ja ta, suka hau wajen maza. Abin da ta faɗa musu bai fi jimla huɗu ba. Don Osvaldo ya zauna daɓas a kan buhun gawayi, ya riƙe kai. Faku kuwa yau dai barkwanci ya ƙare masa.

Ba su tsaya naɗe tanti ba suka faɗa mota. Duk hanya Delfina na addu'a a zuci, ko da yake ta san kwana uku sun isa bas ya kai mutum ƙarshen duniya. A tashar gari aka ce ba wanda ya ga mai irin wannan kama ya hau mota. Suna juyowa Faku ya ƙwala ihu, "Ga shi can!" A wata rumfar faci a bakin titi, Lisandro na durƙushe yana fama da tayar babbar mota.

"Ba ka tafi ba?" Delfina ta ce, kuka da dariya sun haɗe mata.

Ya goge hannu a wando. "Tayarku ta baya ta hagu ba za ta kai ko garin Zapala ba. Na ce bari in jira ku wuce."

Don Osvaldo ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi wa yaro ba. "Ɗana, mun zalunce ka. Amma ina ka koyi saƙa?"

"Wurin kakata. Ita ta raine ni. Da idonta ya fara tafiya ina ɗan shekara tara, ni ke bin bayanta ina gyarawa. Har ta rasu tana cewa ba ta taɓa zubar da ƙulli ba." Ya juya wajen Doña Nélida. "Ita ba ta sami likita ba, Doña. Amma in yanar ido ce, yanzu cirewa ake yi. Kada ki zauna da ita."

"Namiji da tsinken saƙa!" Faku ya ce a hankali, yana sosa ƙeya. "To, suruki, ka yafe min. Bakina ya fi kaina sauri."

Doña Nélida ba ta ce a yafe mata ba, ba ta iya irin wannan maganar ba. Ta matso har ta ji warin man da ke jikinsa, ta ce, "Juya."

Ya juya. Ta ɗora tafin hannunta a kafaɗarsa ta hagu, ta bi a hankali zuwa ta dama.

"Tafi huɗu da yatsa biyu," ta ce. "Ulu zai ci, wannan yaron. Faku, ɗauko fulas. Akwai wanda na tsallake."

A hanyar komawa Lisandro ne ya ƙarasa rigar Don Osvaldo a kujerar baya, Doña Nélida na gaba tana ba da umarni kamar soja. A watan Maris aka yi mata aikin ido, a Oktoba aka ɗaura aure. Da ma an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya rufa asirin wani alhali nasa mutuncin na zubewa, Allah ba ya barin haƙurinsa ya faɗi ƙasa banza. Girman kai kuwa, da tsoron a ga rauninka, su ke sa mutum ya kori mai tallafe da shi.

Aikin kwana ukun nan dai Doña Nélida ta hana a warware. Har yau in Don Osvaldo ya sa farar rigarsa, ana ganin ramuka a ƙirji, daidai saman wani guntun jan zare da ta ƙi cirewa. In baƙo ya tambaya, ba ta barin kowa ya amsa.

"Wannan," takan ce, "aikina ne ni kaɗai, lokacin da surukina ba ya nan."