Saitin Ranar Talata

Ana saukowa daga sallar Juma'a aka tarar injin jirgi biyu sun ɓace daga magazan, wato ɗakin ajiyar ƙungiyar masunta ta Gaya. Kwaɗo lafiya lau. Kafin la'asar an rufe tsoho Sallau mai gadi, ana cewa Litinin sai gidan kaso.

Ajidan Labo na jandarma bai son aikin da ya zo da sauƙi haka. Makulli uku ne: na Sallau, na shugaban ƙungiya Alhaji Sumana, da na Harun magazinye mai kula da kayan ajiya, ɗan ƙanwar Sallau, wanda tsohon ya yi wa hanyar aikin.

Kamera ta ɗauki ɓarawon, sai dai malfa ta rufe fuskar. Abin da ya tsaya wa Labo a rai tafiyar mutumin ce. Ba sauri, ba waige, kamar mai zagaya gidan ubansa.

Ya sa aka kira Mansura mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta. Ta ce minti biyar kafin satar, wani ya zare wayar kuran, wato ta wutar na'urar kamarori, ya mayar. A da, in ji ta, wannan kaɗai ya isa: adireshin da katin rezo, mai haɗa na'ura da kamarori, ke magana da su da shi, da hannu ake sawa, na'ura na mutuwa ya goge, kamarori su makance sai ta zo. Duk masu makulli sun sani. Ranar Talata ta gaji da zirga-zirga, ta rubuta saitin cikin fishiye, wato fayil ɗin da na'ura ke karantawa in ta tashi, ta kashe ta kunna sau uku a gaban mutane.

"Gaban wa da wa?"

"Alhaji da Baba Sallau."

Alhaji ya ce haka ne, har tafi ya yi. Sallau ma ya ga gwajin, amma da aka nuna masa hoton ɓarawon, sai ya sunkuyar da kai. Nan Labo ya gane tsohon ya san wani abu.

Harun ya shigo da fara'a. Talata yana Malanbil, tsallaken kogi, in ji shi, sayen igiya. Labo ya zare wayar kuran ya mayar, suka zauna. Fankar na'ura ta tashi. Can sai hoton ƙofar magazan ya dawo da kansa, tar.

Fara'ar ta gudu.

"Wanda ya ga gwajin Talata ba zai wahalar da kansa da waya ba," Labo ya ce. "Mutum ɗaya ne mai makulli da ke zaton ƙungiya na nan a makance."

An samo injunan ƙarƙashin taru a jirgin Harun. Da aka buɗe wa Sallau, bai tashi ba.

"Tun a hoton na gane tafiyarsa, ranka ya daɗe," ya ce. "Ni na koya masa ita, yana riƙe da yatsana."