Hoton Ɗakin Baya

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, lokacin da Auta ta ɗora kwamfutarta a kan bencin aikin mahaifinta, ta hure garin katako daga kan maɓallan. Kafinta ya rataye zarto, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Ya daɗe yana kallon kasuwa tana guje masa. Mutane sun koma zaɓen kujera ta waya, shi kuwa ga hannu mai kyau, ga shago ba mai leƙowa. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta yi karatun kwamfuta, ita ce kuma ta ce za ta buɗe masa shafi a intanet.

"Baba, ka ga wannan? 'Yar manhaja ce da ake ɗora wa shafi. Na sauke ta, ga shi na kunna. Da ita ake ginin: ka ja akwati ka ajiye inda kake so, nan hoto, nan rubutu, nan lambar waya."

"Ashe ke ma kafinta ce," in ji shi, "guduma kawai kika rasa."

Ta yi dariya, ta zaɓi samfuri ɗaya cikin waɗanda manhajar ta zo da su. Saman shafin ya cika da hoton wani falo mai fararen kujeru.

"Kujerun wa?"

"Na samfurin ne. Wasu ma barinsu suke yi haka nan."

Kafinta ya ɓata rai. Mutum ne da bai taɓa karɓar yabo a kan aikin wani ba, kuma ba a kan tsufansa zai fara ba. Ya ce a cire, a sa nasa. Aikin da ya fi ji da shi kuwa, wata kujerar maɗaci mai sassaƙa, tana ɗakin baya.

Ɗakin baya yana da labari. Ranar da ya sayi gidan, tsohuwar da ta sayar masa ta riƙe mabuɗin ɗakin a hannunta ta ce: akwai masu shi. Ajiyar kaya ba su hana ba, amma a yi sallama, kuma kada magariba ta same shi a buɗe. Shekara da shekaru kafinta yana kiyayewa, bai taɓa jin ko tari ba. Amma a wannan yammacin, da ya leƙa, sai ya ga hasken rana ya ratso taga ya kwanta a jikin kujerar, itacen yana ƙyalli kamar an shafa masa zuma. Ya wangale ƙofar, ya cire labulen gaba ɗaya, ya manta da sallama.

"Baban Auta, magariba fa ta kawo jiki," in ji matarsa daga ƙofar kicin.

"Yanzu za mu rufe. Ɗauka mana, Auta, kafin hasken ya tafi."

Yarinyar ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, ta shafa damtsenta kamar mai jin sanyi. Sannan ta ɗaga waya ta ɗauka. Ɗakin duka ya shiga hoton, har kusurwar da ba kowa. Ta ja shi ta ajiye a babban akwatin saman shafi, ta danna wallafa, ta kuma saita wayar mahaifinta yadda za ta yi ƙara duk sanda wani ya buɗe shafin. Ana cikin kiran salla wayar ta yi ƙarar farko. Kafinta bai gama murmushi ba, dutse ya sauka a kan kwanon rufi.

Da farko yaran unguwa aka zarga. Sai dai duwatsun ba daga titi suke zuwa ba, daga sama suke saukowa a miƙe, kuma wanda duk aka ɗaga, a ji shi da ɗumi kamar an ciro shi daga toka. Da almuru kuma, idan gari ya yi tsit, wata murya takan fito daga ɗakin baya, ƙasa-ƙasa, muryar tsohuwa da ta gaji da roƙo: a rufe mu, a rufe mu. Suka rufe ɗakin, suka mayar da labule, suka sa kwaɗo. Muryar ba ta daina ba.

Auta ta daina cin abinci. Ta koma ƙuryar ɗakin uwarta, ta lulluɓa da bargo cikin zafin rana, gumi yana tsiyaya, idanunta jajur. In an taɓa ta sai ta ce, "Mama, ana kallona. Ku ce su daina kallona."

Kafinta ne kaɗai ya gane. Wayar tana aljihunsa. Ta yi ƙara, dutse ya sauka, Auta ta yi ihu, kullum a jere haka. Ya gane sarai, kuma nan ne abin baƙin cikin. Don a waɗannan kwanakin ne aka fara kiransa, wannan yana son irin kujerar, wancan yana son teburi, mutane suna ta tura wa juna hoton. Zarto ya koma kuka a gidan bayan dogon shiru. Sai ya ce wa zuciyarsa bari ayyuka su ɗan taru, jibi ya yi magana. Ya kashe ƙarar wayar don kada matarsa ta lura. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu magana, amma shi a lokacin suna ya sa masa: neman abin rufin asiri.

Ranar da uwar ta ɗaga bargon ta ga ƙwayar idon Auta na hagu ta yi fari fat, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta yafa mayafi ta je ta zo da wani malami da aka sani da ruƙiyya, dattijo marar yawan magana.

Malam ya iso rana tana faɗuwa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da yarinyar, uwar ta riƙe ƙafafunta. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Tsuntsayen da ke kan katanga suka watse. Can jikin Auta ya sandare, ta tashi zaune, ta jawo bargo ta rufe fuska, muryar tsohuwar nan ta fito daga ƙarƙashinsa.

"Daina ƙona ni, Malam. Ba ni na fara ba."

"Baiwar Allah, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Mu a ɓoye Allah ya yi mu. Ni da 'ya'yana mata muna ɗakin nan tun ba a haifi uban mai gidan nan ba. Ba mu taɓa masa ko ƙusa ba. Ya yaye mana sutura, ya kafa mu a kasuwar duniya. Ku ba ku ganinmu a hoton, amma mu muna jin idanunku. Kowane ido garwashi ne a jikinmu. Na yi jifa, na yi roƙo." Bargon ya juya wajen kafinta. "Shi ya ji. Tambaye shi abin da ya kashe a aljihunsa."

Matar ta kalli mijinta. Kallon ya fi masa zagi ciwo.

"Idon da ya fara leƙa mu nake so," in ji muryar. "Na ɗauki ɗaya, saura ɗaya."

"Ba za ki samu ba," in ji Malam. "Zalunci ba ya gyara zalunci. Za a sauke hoton, ke kuma ki fita."

Kafinta ya ɗauko kwamfutar, ya buɗe, ya tsaya yana kallon akwatin da ke neman kalmar sirri. Bai san ta ba. Bai ma san inda ake taɓawa ba. Mai ginin ita kaɗai ta san ƙofarsa, ga ta kuma a hannun wata.

"Sake ta ta yi da kanta," in ji Malam.

Sannan bargon ya zame, Auta ta fito tana haki. Ta matso da fuskarta dab da kwamfutar saboda ido ɗaya take gani da shi. Ta goge hoton, ta goge shafin, ta cire manhajar ɗungurungum, hawaye na ɗiga a kan maɓallan.

"Baba," ta ce, "waɗanda suka riga suka kwafa fa? Su ba zan iya gogewa ba."

Kanta ya sunkuya, tsohuwar ta dawo.

"Yarinya ta faɗi gaskiya. Na rantse da wanda ya halicce ni, na bar jikinta, na bar gidan, ɗakin da aka tona ba wurin zama ba ne. Abin da na ɗauka ba ya dawowa. Kuma duk ranar da wani ido ya sake sauka a kanmu, za ku ji, ita ma za ta ji."

Malam ya matsa da karatu, amma ta riga ta tafi. Ƙofar ɗakin baya, mai kwaɗo, ta buɗe da kanta, iska mai sanyi ta ratsa tsakar gida ta haura katanga. Auta ta yi atishawa ta faɗi jikin uwarta.

Gida ya lafa. Auta ta warke, da ido ɗaya, ba ta sake taɓa kwamfuta ba. Uwar tana kai wa mijinta abinci, tana amsa gaisuwarsa, iyakarta ke nan. Kafinta ya faskara kujerar maɗacin da hannunsa, ya ƙone.

Watanni suka wuce. Wata yamma wani baƙo ya yi sallama a ƙofar shago, fuska a sake, yana lalubar aljihu.

"Kai ne kafintan? Wani abokina ya turo min hoton wata kujera, an ce aikinka ne. Bari ka gani."

Kafinta ya yi tsalle ya dafe wayar da baƙon ya ciro da tafin hannunsa.

"Ba ni na yi ta ba," ya ce. "Wallahi aikin wani ne."

Amma baƙon ya riga ya buɗe. Dutse ya sauka a kan kwano, daga cikin gida kuma Auta ta ƙwala ihu tana kiran uwarta.