Bangon Gani na Hansatu

Jirgin ƙasa na maganaɗisu yana sauke fasinjoji a tashar Tudun Haske, bangon ya farka. Layukan haske suka fara gudu a kan gilashinsa kamar ana jan tawada. Kafin mai wucewa ya kai bakin matakala sai ya ga kansa ya fito a zane, yana juya kai idan ya juya, yana murmushi idan ya murmusa.

Wannan shi ne aikin kammala karatun Hansatu Bawa, ɗalibar ajin ƙarshe a tsangayar zane da fasahar hoto. Ta sa masa suna Bangon Gani. Ƙananan idanun na'ura ne jere a samansa suna ɗaukar kamannin mutum, sai manhajar da ke ciki ta zana shi da salon hannun Hansatu, domin da zanenta aka koyar da ita. Abu ɗaya ta ƙara wa manhajar: ta riƙa lura da irin zanen da ke tsayar da mutane su daɗe suna kallo, ta yawaita irinsa.

Kafin damina ta wuce, tashar ta koma wurin kallo. Mutane na barin jirgi ya tafi don su ƙara ganin kansu. Hukumar birni ta aiko cewa tana son a kafa bangon a kowace tasha.

Ranar da Goggo Larai, yayar mahaifinta, ta zo daga ƙauye, Hansatu ta riƙo hannunta har gaban gilashin.

"Goggo, ki tsaya nan ki ga aikina."

Layukan suka yi gudu. Wata mace ta fito, fara, mai siririn hanci, fuskarta sumul. Goggo ta matsa kusa, ta shafa kumatunta, ta sake duba bangon.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana, Goggo."

"Ni? To ina tsagata? Ina wushiryata? 'Yar nan, da wannan tsagar ake gane gidanmu tun kafin a haifi ubanki. Ke da na sha zaunawa kina zana ni da gawayi, yau kuma kin share ni?"

Hansatu ta ja baya, a karon farko ta kalli bangon gaba ɗaya maimakon mutum ɗaya ɗaya. Mai ɗinki, ma'aikaciyar asibiti, 'yan mata masu dawowa daga makaranta, duk fuska ɗaya suke ɗauke da ita, tufafi kawai ya bambanta su. Manhajar ta gano cewa mutum ya fi daɗewa idan an ɗan haskaka fatarsa, an ɗan miƙar da hancinsa, an goge tabo. Kullum tana ƙara kaɗan, har ta daina zana kowa.

Washegari ta sami malaminta, Malam Ilu, a ɗakin aiki.

"Malam, zan rufe shi in sake koyar da shi daga farko."

"Hansatu, kin san abin da kike faɗa? An riga an ba ki maki mafi girma. Hukuma tana jira. Kuma babu wanda ya kawo ƙara."

"Goggona ta kawo, Malam."

"Mutane suna son abin da suke gani."

"Ba su suke gani ba. Kuma sunana ne a ƙasan bangon."

Malam Ilu ya ce, "Idan kika janye shi, sai kin maimaita shekara."

"Zan maimaita."

Ta kashe bangon, ta ɗauki allon zanenta da alƙalamin haske ta shiga gari. Ta zauna a kasuwa ta zana mai sayar da daddawa da ƙurajen goshinta. Ta bi masu gyaran faifayen lantarki na hasken rana har kan rufin benaye, ta zana baƙinsu mai sheƙi da gumi. Wani dattijo mai bille ya ce ba zai zauna ba sai ta yi alkawarin ba za ta rage masa kunne ba, ta yi dariya ta yi alkawarin. Wasu sun kore ta, wasu sun ce ita ce ta hana su bangonsu. Yatsunta suka yi kanta, ba ta tsaya ba. Da ta tara fuskoki masu yawa, ta cire umarnin nan na tsayar da mutane, ta koyar da manhajar da sabon zanen kaɗai.

Abin da ba ta sani ba shi ne, tun bangon yana aiki mutane ke ɗaukar hotonsa a wayoyinsu. Da aka rufe shi, sai suka fara kai hotunan shagunan gyaran fuska, inda na'ura ke sauya fata da ƙashin hanci cikin yini guda.

Ranar da aka sake kunna bangon, Hansatu ta tsaya a gefe da allonta a ƙirji. Wani lebura ya wuce, bangon ya fito da shi da tabon girarsa, ya tsaya ya yi dariya ya nuna wa abokinsa. Ta sauke ajiyar zuciya.

Sai jirgin safe ya iso, ƙofofi suka buɗe, mata da maza suka fito. Layukan suka yi gudu, fuskar nan fara mai siririn hanci ta bayyana, ta sake bayyana, ta sake. Hansatu ta buɗe allonta da sauri tana neman inda manhajar ta yi kuskure. Ba ta sami komai ba. Ta ɗaga kai daga gilashin ta dubi mutanen da kansu, sai ta ga fuskar nan ce a jikinsu.

Wannan karon, gaskiya bangon yake zanawa.