Kofin da Aka Kife a Ƙasa

Ranar wata Juma'a bayan faɗuwar rana, da matata Gitel ta samu barci a asibiti, na fito na zauna a bakin maɓuɓɓugar ruwan da birnin Montevideo ya gina don tunawa da wani minista, Bayahude ɗan'uwanmu. Likita ya ce in ta ga safiya, to da sauran shan ruwanta. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Ina ta kallon ruwa yana hawa yana sauka.

Sai ga wani tsoho da baƙar hula. Ya zaro kofi daga aljihu yana zuba wa hannuwansa ruwa, dama, hagu, bai goge ba. Haka muke yi in mun fito daga maƙabarta.

Na ce, "Dattijo, sha ka yi? Wa ke binne gawa a daren Asabar, ranar hutu?"

Ya ce, "Zelik, kai da ko addu'a ba ka iya karantawa, yau ka zama malami?" Muryarsa kamar daga cikin bututun ruwan take fitowa. "Ranar Lahadi za a yi cunkoso wajen jana'izar, shi ya sa na yi nawa tun yanzu."

Ruwa na kwarara har gwiwar hannunsa, amma rigar a bushe take.

Na miƙa hannu in karɓi kofin, ban san dalili ba. Ya ƙi ba ni. Ya kife shi a ƙasa gabana, yadda masu makoki ke yi don kada mutuwa ta bi hannu zuwa hannu.

"Ɗauka da kanka, mijin Gitel. Ai makokin naka ne, kai ya kamata ka fara."