Shanun Zulaikha a Garken Kaumi

A gaban alƙali a Kazaure Kaumi ya fara ganin Zulaikha. Ita ce mai ƙara. Tsohon mijinta Salisu, da ya ga auren zai mutu, ya kwashe shanunta biyu na gado ya kai garken Kaumi a Gwiwa, ya ce nasa ne.

"Ba da kai ake shari'a ba," alƙali ya ce wa Kaumi, "amma dukiyar tana hannunka. Na ba ka kwana bakwai ka miƙa wa mai ita."

"Allah gafarta Malam, ban san nata ba ne."

Zulaikha ta harare shi. Hararar ta bi shi har gida.

Da kansa ya kora shanun zuwa gidan mahaifinta a Roni. Bayan mako ya koma da dusa, wai jar saniyar ba ta cin ta kowa. Ya sake komawa da maganin kaska.

"Malam Kaumi," ta ce tana danne dariya, "anya saniyar kake zuwa dubawa?"

Daga ranar suka fara zance.

Wata Juma'a ya tarar da babur ɗin Salisu a ƙofar gidan. Ko sauka bai yi ba, ya juya. Kwana biyar bai kira ta ba, in ta kira ya ƙi ɗagawa. Sannan ya tura saƙo:

"Na ga na da ya dawo. Allah ya sanya alheri."

Ta mayar masa da amsa: "Kome ya zo nema, Baba ya sallame shi tun daga zaure. Kai kuma wace ce ta ɗaga wayarka jiya?"

"Sadiyya ce, ƙanwata."

"To ka ce mata ta rage yanga in tana amsa wayar mutane."

Ya karanta ya fi sau goma yana murmushi.

Da ya kawo maganar aure, mahaifiyarsa ce ta turje. "Matar da ta sa aka tsayar da kai a kotu?"

"Inna, haƙƙinta ta nema. Da naki aka ɓoye, ni zan raka ki."

Sai bayan wata guda Inna ta aika da goro Roni.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Ana tsakiyar hotuna Kaumi ya raɗa mata, "Tawan, mai hoton nan ya cika kallonki."

"Aikinsa ne, Nawan."

"To ya tashi daga aiki."

Inna ta kamo hannuwansu ta haɗa. "Allah ya yi muku albarka, ya sanyaya muku wannan zuciya taku."