Kayan Ɗakin Radiyya

Idan abu ya amfani gari guda amma ya karya mutum ɗaya, alheri ne ko zalunci? Na daɗe ina juya wannan tambaya, ban samu amsa ba.

Ubaidullah ya fara ganin Radiyya ne a rumfar mahaifinta, Malam Ɗantani, mai gyaran injin ban-ruwa a bakin kogin Wudil. Ta kawo abincin rana, ta tarar da baƙo cikin farar riga yana kaffa-kaffa da baƙin mai. Ta ce mai tsoron dauɗa ya yi ɓatan hanya. Ya bi ta da kallo.

Ma'aikaci ne a wani kamfanin zuba jari da ke sa kuɗi a ayyukan wutar sola. An turo shi ya ga ko manoman rani za su karɓi famfo mai aiki da hasken rana. Manoma ba sa sakin jiki da baƙo, don haka Malam Ɗantani ya goya shi a babur, daga Kausani har Achika, gona-gona, yana cewa, "Yarona ne, ku saurare shi."

Suka saurara, suka karɓi famfunan. Kafin rani ya zagayo fadama ta yi tsit. Babu ƙarar inji, babu mai kawo gyara.

A lokacin soyayyar Ubaidullah da Radiyya ta yi nisa. Tana kiransa Ɗan Birni, yana kiranta Sanyin Idona. Amma da ya turo manyansa, Malam ya karɓe su da mutunci, ya sallame su babu amsa. Ya gaya wa matarsa Talatu cewa gara Jamil, ɗan mai gidan man bakin titi, wanda shi ma yake nema.

Radiyya ta tura saƙo: "Ɗan Birni, tambaya ɗaya. Ranar da Baba ya goya ka, ka san sana'arsa za ta mutu?"

Ya amsa: "Na sani, Sanyin Idona. Na kuma san manoman da fetur ke cinye wa albasa tun tana ƙasa. Na rasa bakin faɗa masa."

"Da ka faɗa masa, da duk da haka zai kai ka. Zaɓin nan ka hana shi."

Ta daina ɗaga wayarsa. Shi kuma ya nemo wa Malam aiki a wurin masu famfunan: zagaya gonaki, duba wayoyi, goge gilasan sola.

Malam ya ce, "Ni da nake kwance inji in mayar ido rufe, zan koma goge gilashi da tsumma? Allah ya sawwaƙe."

Radiyya ba ta yi wa kowa tawaye ba. Ta ce wa mahaifinta za ta auri wanda ya zaɓa, sai dai ba za ta yi masa ƙaryar tana son Jamil ba. Ta rame, dariyarta ta ɗauke. Talatu ta ce, "Malam, kana da gaskiya, amma yarinyar ce ke shan wuyar gaskiyar taka." Bayan kwana biyu ya ce manyan Ubaidullah su sake zuwa. Aka sa rana.

Ubaidullah ya tambaye ta ko ta yafe masa. Ta ce, "Ina sonka. Yafiya kuma ba tawa ba ce."

Sai maganar kayan ɗaki ta taso, ga rumfa a rufe. Ubaidullah ya aika wa Talatu a asirce cewa shi zai sayi gado da katifa da kujeru, babu mai ji. Da niyyar alheri ya yi, amma da maganar ta kai kunnen Malam, sai ta fi ta farko yi masa ciwo.

"Ya raba ni da sana'ata, yanzu zai raba ni da zama uba? 'Yata ba za ta shiga ɗakin da ban yi mata ba."

Ya sa aka kira Radiyya da Ubaidullah. Suka durƙusa a zaure. Ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci zuri'arku. Ban ce na huce ba."

Suka ce amin, Radiyya tana kuka.

Washegari da hantsi Malam Ɗantani ya ɗauki bokiti da tsumma, ya wuce ta gaban rumfarsa bai waiga ba. A gonar farko manomin ya miƙe zai gaishe shi, ya ga abin da ke hannunsa, ya sunkuyar da kai. Malam ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya fara gogewa.